Bishiya a Cikin Falo: Wace Ce Za Ta Jure Ɗakunan Gombe?

A unguwar Federal Low-Cost da ke cikin garin Gombe, kamar sauran tsofaffin rukunonin gidaje a Arewa, filin da aka bar wa kowane gida ya daɗe yana raguwa. Iyali sun yi yawa, an ƙara ɗakuna ta baya, an fitar da shaguna ta gaba, ɗan abin da ya rage na tsakar gida kuma an malale shi da siminti. Mai sha'awar shuka sai ya koma ga tukwane. Cikin masu tukwanen nan akwai waɗanda idonsu ya faɗa kan bonsai, wato bishiyar da ake reno a ɗan kasko, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, amma kututturenta da rassanta irin na tsohuwar itaciya. Hotunanta sun cika Facebook da TikTok, wata a kan teburin ofis, wata kusa da talabijin. Abin da hotunan ba sa faɗa shi ne, da yawa daga cikin bishiyoyin nan ba a wurin suke zaune ba. Shigo da su aka yi don a ɗauki hoto.

Sana'ar ta samo asali ne daga ƙasar Sin. A kabarin Yarima Zhang Huai na daular Tang, wanda aka kammala a shekarar 706, akwai zanen bango na wani hadimi riƙe da faranti mai ɗauke da 'yan tsirrai da duwatsu. Daga can ta ƙetara Japan, inda aka gyara ta ta zama yadda duniya ta san ta yau. Bayan girgizar ƙasar da ta rushe Tokyo a 1923, masu renon bonsai sun ƙaura zuwa Omiya, suka kafa unguwa guda ta wannan sana'a a 1925. Akwai wani itacen fain da ake reno tun 1625, wanda ya tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, har mai renonsa, Masaru Yamaki, ya ba Amurka shi kyauta a 1976, yana nan da ransa a birnin Washington. Duk waɗannan a waje suke rayuwa, cikin rana da ruwan sama da ƙanƙara. Mutumin Japan yakan shigo da bishiyarsa ɗaki na kwana biyu ko uku don karrama baƙo, sannan ya mayar da ita lambu.

Babu wani iri na musamman da ake shukawa ya fito a matsayin bonsai, don haka mai tallar "irin bonsai" a intanet irin bishiya kawai yake sayarwa. Hannun mutum ne ke hana ta girma. Kan kowane reshe yana fitar da wani sinadari da ke danne idanun tohon da ke ƙasa da shi. In aka datse kan, sai idanun nan su farka, reshe ɗaya ya zama biyu, ganye ya ƙara yawa ya rage faɗi. Haka ake yi wa saiwa: duk shekara biyu ko uku a ciro bishiyar, a rage manyan saiwoyi, a bar ƙananan da ke shan ruwa. Rassa kuwa da wayar alminiyam ko ta tagulla ake naɗe su a ba su siffa, kuma a nan karin maganar da ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba ta da wani lulluɓi.

Waɗanda bai kamata a saya ba

Shahararrun bonsai na Japan, irin su fain da mapul da yawancin junifa, bishiyoyin ƙasashen sanyi ne. Jikinsu na bukatar makonni masu yawa na sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10 kafin su yi barcin shekara su sake toho. Hunturun Gombe, duk da rigunan sanyi da muke jibgawa a Disamba da Janairu, ba ya samar da haka. Bishiyar da ba ta samu barcinta ba takan yi ta rauni har ta mutu. Junifa ma tana da yaudara: ganyenta na iya zama kore na makonni bayan saiwar ta mutu, mai ita yana ta ba gawa ruwa.

Saboda wannan matsala ne masu sayar da shuke-shuke a Turai da Amurka suka koma ga bishiyoyin ƙasashe masu zafi, tunda ɗakin da ake ɗumamawa a can ya fi kama da yanayinmu. Wadda ta fi kowace kasuwa ita ce Ficus, musamman Ficus microcarpa ta kudancin Asiya. Ficus kuwa dangin cediya ne da durumi da gamji da ɓaure. Ke nan abin da Bature ke biyan kuɗi a kawo masa daga nesa, 'yar'uwarsa na tsaye a ƙofar masallacin unguwa.

Taga ce ke zaɓar bishiya

Ga bishiyoyin ƙasashe masu zafi, matsalarmu ba sanyi ba ce, haske ne. Ranar tsaka a fili takan kai luks dubu ɗari a ma'aunin haske, alhali tsakiyar falo da ido ke ganin ya wadatu da haske sau da yawa bai wuce luks 200 zuwa 500 ba. Tagoginmu kuma akwai ƙarfe, akwai ragar sauro, akwai labule mai kauri, wasu har da gilashi mai duhu. Da haske ganye ke haɗa abincin bishiya, taki ba ya maye gurbinsa. Wadda ta rasa shi za a ga rassanta sun yi tsawo sun sirance, ganyen ya yi faɗi ya koɗe, daga baya ya zube.

Littattafan Turai suna cewa a ajiye bonsai a tagar kudu. Wannan shawarar ƙasarsu ce. Gombe tana wajen digiri 10 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana kan bi ta saman kai a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, tsakanin lokutan biyu ma ta ɗan karkata arewa. Tagar kudu tana samun rana sosai da hunturu kawai. Tagar gabas ta fi dacewa: ranar hantsi ta shigo, ta wuce kafin ta yi ƙuna. Ta yamma kuwa, a Maris da Afrilu da zafi ke kaiwa digiri 40, tana iya dafa saiwa a cikin ɗan kasko. Kada tazarar bishiya da taga ta kai taku biyu, kuma a riƙa juya kaskon duk mako.

Waɗanda za su jure

Cediya ce ta farko. Ganyenta ƙanana ne, tana jure aski, tana jure ƙarancin haske fiye da yawancin itatuwanmu, tana kuma sako saiwoyi daga rassa waɗanda ke ba ta kamannin tsufa da wuri. Samunta ba ya bukatar kuɗi: reshe mai kaurin babban yatsa, in aka yanka aka kafa a farkon damina, zai kama, kamar yadda aka saba dasa ta a ƙofar gida tun kaka da kakanni. Durumi ma yana yi, sai dai ganyensa ya fi faɗi, yana son kasko babba. Gamji ganyensa ya yi girman da ba zai dace da ƙaramar bishiya ba. Dukkansu suna fitar da farin ruwa in an yanke su, a kiyaye ido da shi.

Cikin baƙi akwai biyu da suka cancanci kuɗinsu. Portulacaria afra, ta Afirka ta Kudu, tana da 'yan ganye masu kauri da ke adana ruwa, don haka busasshiyar iska ba ta dame ta ba, kuma ma'aikacin da ke tafiya ya kwana uku ba zai dawo ya tarar da ita ta bushe ba. Haske mai ƙarfi kawai take so. Schefflera arboricola, mai ganye kamar lema, asalinta Taiwan, ita ta fi haƙuri da ɗaki mai ƙarancin haske. Carmona da Serissa, duk da kyawun 'yan furanninsu farare, da zarar iska ta bushe ko an sauya musu wuri sai su zubar da ganye. Sabon shiga ya bar su.

Akwai kuma na baranda da tsakar gida, waɗanda sai dai su shigo falo ziyara. Tsamiya tana da ƙananan ganye da ɓawo mai kyau, amma rana take so. Kuka tana yin bonsai mai ban sha'awa, har masu sana'ar a Afirka ta Kudu sun ware mata salo na kanta. Sharaɗinta shi ne in ta zubar da ganye da rani a janye mata ruwa, in ba haka ba saiwar ta ruɓe. A wasu gidajen ma sai an shawo kan dattawa, don tsohon zancen cewa kuka da tsamiya matattarar iskoki ne bai gushe ba. Kariya mai kumburarren gindi da jan fure ba ta fure sai a rana, kuma ruwanta dafi ne da maharba suka daɗe suna shafa wa kibiya. Gidan da ke da yara ƙanana ko awaki ya yi nesa da ita.

Hunturu, ruwa da ƙasa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ƙura kuma ta toshe ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi da su. A riƙa wanke ganyen duk mako, a ɗora kaskon a kan faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa ba tare da gindinsa ya nutse ba, a kuma kawar da shi daga bakin na'urar sanyaya ɗaki. Ban ruwa ba shi da ranar da aka yanke masa: a tura yatsa cikin ƙasa, in saman ya bushe a zuba har sai ya fito ta hujin ƙasa. In farin gishiri ya fara taruwa a bakin kaskon, ruwan burtsatsen gidan ne ke kawo shi, kuma ruwan sama da aka tara ya fi. Ƙasar lambu zalla takan cure ta shaƙe saiwa. Masu sana'ar a Japan suna amfani da wani yumɓu mai tsada da ake kira akadama, amma farfasasshen jan bulo da yashi mai tsakuwa da gawayi da ruɓaɓɓen taki, in aka tankaɗe aka zubar da garin, suna yin aikin.

Wajen saye, a duba ko kaskon na da huji, a girgiza kututturen a ji ko ya kafu, a leƙa bayan ganye don farin ƙwaro mai kama da auduga, a guji wadda aka manne tsakuwar samanta da gam. Mai neman shawarar masana bai yi nisa da su ba, tunda Kwalejin Tarayya ta Koyon Aikin Lambu tana Dadin Kowa. Abin da bai halatta ba shi ne a shiga daji, balle gandun dajin Kanawa, a tono tsohuwar itaciya don gaggawa. Garin da zaizayar ƙasa ta yayyanka, jihar da ta ƙaddamar da shirin Gombe Goes Green a 2019 don dasa miliyoyin bishiyoyi, ba ta da itacen da za ta yi asara saboda adon falo.

Dabarar da ta fi aiki ita ce a reni biyu: ɗaya a taga, ɗaya a inuwar baranda, a riƙa musanya su duk mako ɗaya ko biyu. Wanda ya fara da reshen cediya a watan Yuni zai koyi aski da ban ruwa da sauya kasko a kan abin da bai ci masa ko kwabo ba, in kuma ta mutu, uwar tana nan ya sake yankowa. Sai hannu ya faɗa sannan a yi zancen sayen mai tsada.