Kashin Jimina, Kashin Kaji da Ruwan Nguru

Kakanninmu sun san jimina a dajin arewacin Barno, sun san gashinta da fatake ke kaiwa Tarabulus daga Kano, har kasuwar ta karye wajen 1914. Yau sai mutum ya je Kelle, a jihar Damagaram, ya ga inda ake lallaɓa ragowar jiminar nan mai jan wuya. A Oudtshoorn ta Afirka ta Kudu kuwa kiwonta sana'a ce, kamar yadda ake kiwon danginta, emu ta Ostareliya da riya ta Kudancin Amurka. Duk inda aka killace garken tsuntsun da ke haura kilo 100, dole a san inda za a kai kashinsa.

Tarayyar Turai ta yi wa taki doka tun 1991. A yankunan da ruwansu ke cikin haɗari, ba a zuba wa hekta ɗaya takin dabba da ya wuce kilo 170 na sinadarin naitirojin a shekara, kuma akwai watannin da aka hana zubawa sam. Ba ruwan dokar da ko saniya ce ta yi kashin, ko kaza, ko jimina.

Manomin gero a jigawar Gashuwa zai ce, "Yaushe taki ya ishe mu, balle ya yi yawa?" Yana da gaskiya. Shi ne ke roƙon Bafulatani ya kwana da shanu a gonarsa. Amma fadama daban take, kuma ita ce ke damuna.

Masu noman rani na sayen kashin kaji buhu-buhu domin barkono da albasa, sau da yawa a jibge shi ɗanye a bakin ruwa. Kashin tsuntsu ya fi na shanu zafi nesa ba kusa ba. Abin da shuka ba ta sha ba yakan rikiɗe ya zama naitiret, mai narkewa kamar gishiri. Rairayi ba ya riƙe shi, ga ruwan ƙasa a kusa, sai ya zarce cikin rijiya. Ba ya wari, ba ya sauya launin ruwa, tafasawa ma ba ta fitar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita ɗaya, saboda jarirai: yana hana jininsu ɗaukar iskar numfashi.

Sinadarin fosfaros da ke cikin kashin kuma ambaliyar Agusta da Satumba ke kwashe shi zuwa tafkin Nguru. Madatsun Tiga da Challawa ne suka sauya tafiyar ruwa har ciyawar kachala ta samu gindin zama a mashigin Marma, ta toshe wa masunta hanya, amma ruwa mai taki ƙara mata ƙiba yake yi. Wannan tafkin na Nguru ne fa aka sa cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2000.

Akwai hukumar kare muhalli ta NESREA tun 2007, sai dai a ganina maganar sarkin noma da mai unguwa ta fi saurin isa fadama. Su za su iya cewa a ɗaga juji daga bakin kogi da rijiya, a rufe shi ya ruɓe kafin a kai gona, kuma kada a zuba shi ana jiran ambaliya.