Idan Kwikwiyo Ya Faɗi Yana Shure-shure a Tsakar Gida

   

Yau za mu yi magana ne a kan kwikwiyon kare, da irin faɗuwar nan da yakan yi kamar mai farfaɗiya. Na san wata za ta ce, to Hajiya, mu da ke cikin gida ina ruwanmu da kare? Ruwanmu da shi shi ne yaranmu. A gidajenmu da yawa, musamman na ƙauye da na bayan gari, akwai karen gadi, ko na kiwo, ko na farauta da maigida ke fita da shi da rani. Malamanmu sun ce addini ya yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. To amma wa ke wuni da kwikwiyon nan? Maigida ya tafi kasuwa ko gona, sai a bar ke da yara. Yaran nan su ne ke ɗaukarsa, su ja shi da igiya, su ba shi sauran tuwo a hannu. In ya faɗi, ke ce za ki fara gani, kuma abin da kika yi a wannan ɗan lokaci zai iya tsare ran ɗanki.

Bari mu fara da yadda abin yake. Kwikwiyo yana cikin wasa ko barci, sai ki ga ya kife ta gefe guda, jikinsa ya sandare, ƙafafu suna shure-shure kamar mai gudu a kwance. Haƙora suna taune-taune, kumfa na fita a baki, wani lokaci har ya saki fitsari ko kashi. Ko an kira shi ba ya ji. Yawanci minti ɗaya zuwa biyu ne abin ya lafa, sai ya tashi yana tangaɗi, yana karo da bango kamar bai san gidan ba. Abin da ya faru shi ne ƙwaƙwalwarsa ce ta rikice na ɗan lokaci, ta riƙa aika wa gaɓoɓi saƙo barkatai. Faɗuwar alama ce kawai, akwai abin da ya jawo ta, kuma shi ya kamata a nema.

Dalili na farko, wanda ya fi kusa da mu mata, shi ne guba. Ku duba ɗakunanmu. Akwai fiya-fiya da ake yayyafawa saboda sauro da kuɗin cizo. Akwai Sniper, wanda maganin gona ne amma ya shigo ɗaki, har hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa a shekarar 2019. Akwai shinkafar ɓera da muke cuɗawa da kifi ko ƙuli-ƙuli mu ajiye bayan randa. Akwai maganin da ake zuba wa wake a buhu, da ragowar maganin feshi da maigida ya dawo da shi daga gona. Shi kuwa kwikwiyo kamar yaro mai rarrafe yake, komai ya gani sai baki. Wani lokaci ma da hannun mutanen gida ake ba shi: an ga kaska ta dame shi, sai a yi masa wanka da fiya-fiya ko maganin kaskar shanu, fata ta tsotse, ko ya lashe. Wanda ya sha irin maganin ƙwarin nan, za ki ga yawu na zuba kamar an buɗe famfo, ga amai, ga zawo, naman jiki na rawa, ƙwayar ido ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya. Likitan dabbobi yana da allurar da ke karya wannan guba, idan an kai da wuri.

To 'yar'uwa, inda kwikwiyo ya kai bakinsa, nan ɗanki mai rarrafe zai kai nasa. Ku tuna abin da ya faru a jihar Zamfara a shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta wurin haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Mutanen ƙauyukan sun ba da labari daga baya cewa agwaginsu ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, sai da ya kai kan yara. Ita ma dalma tana sa dabba da yaro jijjiga, kuma ana samun ta a tsohon batirin mota da yara ke fasawa. Saboda haka in dabba ta faɗi a gidanki ba gaira ba dalili, ki tashi ki bincika gidan tun daga zaure har bayan ɗaki. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalili na biyu shi ne yunwa da tsutsar ciki. Kwikwiyon da bai kai wata uku ba, ba shi da ajiyar ƙarfi a jiki. In an raba shi da uwarsa da wuri, aka bar shi ya wuni ba abinci, sai sukarin jininsa ya yi ƙasa, ya yi laƙwas, daga nan ya fara jijjiga. Tsutsa tana ƙara tsananta abin, don ita ke cinye ɗan abin da ya samu, wata ma jininsa take sha. Alamarta ita ce ciki ya yi tulu, haƙarƙari a waje, dasashi ya yi fari fat. Irin wannan ɗan ƙaramin yana son abinci kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana, da maganin tsutsa na karnuka tun yana 'yan makonni. Ita ma wannan tsutsar tana shafar yara masu wasa da ƙasar da kare ya yi kashi, don haka a riƙa kwashewa ana binnewa, a kuma wanke wa yara hannu da sabulu kafin cin abinci.

Dalili na uku wata cuta ce da likitocin dabbobi ke kira distemfa. Ƙwayarta 'yar'uwar ta ƙyanda ce, shi ya sa za mu iya ce mata ƙyandar karnuka. Takan fara da zazzaɓi, kwantsa mai kauri a ido, majina, tari da zawo. Bayan 'yan makonni, wani lokaci ma an ɗauka ya warke, sai ta haura ƙwaƙwalwa. Nan ne za ki ga yana motsa baki kamar mai tauna cingam, ko wata gaɓa tana zillo ita kaɗai ko da yana barci. Ba ta kama mutum, amma tana kashe kwikwiyo sosai, kuma tana bin sauran karnukan unguwa. Tana da allurar rigakafi da ake farawa tun yana mako 6 zuwa 8, a maimaita yadda likita ya tsara.

Na huɗu shi ne zafin rana da buguwa. Kun san zafin Daura a watan Afrilu da Mayu, yakan haura digiri 40. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake rage zafi. In aka ɗaure shi a rana ba inuwa ba ruwa, ƙwaƙwalwa na iya tafasa ya faɗi. Haka nan jifa da yara ke yi, ko bugun taɓarya a kai, ko babur ya banke shi.

Na biyar ita ce farfaɗiya ta gado. Wannan takan fara bayyana tsakanin wata 6 da shekara 6. Karen zai faɗi, ya tashi ya koma garau, ya ci ya sha, sai bayan makonni ko watanni ta sake dawowa. Ba a ɗaukar ta, kuma akwai maganin da ke rage ta. A nan zan ɗan ratse in ce, haka farfaɗiyar ɗan'adam take. Ba a ɗaukar ta ta yawu, ba a ɗaukar ta ta taɓawa. Mai farfaɗiya in ya faɗi a taimake shi, a kawar da shi daga wuta da rijiya, a daina gudunsa.

Amma yawun kare daban ne, saboda dalili na shida, wanda shi ne mafi haɗari, wato ciwon haukan kare. Kada ki ce ai ɗan ƙarami ne, ba ya hauka. Kwikwiyo ma yana kamuwa, in wani kare ya cije shi. Mu kuma a nan karnuka suna yawo daga ƙauye zuwa ƙauye, suna bin 'yan farauta da makiyaya, ba ruwansu da iyakar Kwangwalam. Alamar farko ita ce halinsa ya sauya. Mai wasa ya koma ɓuya a lungu, ko mai tsoro ya zama mai kai cizo. Yana cizon itace, dutse, igiyarsa, ko iska kawai. Haushinsa ya sauya murya. Wani kuma ba ya faɗa ko kaɗan, sai dai muƙamuƙi ya saki, baki a buɗe, yawu na dalala, ya kasa haɗiya. A nan ne mutane ke cewa ƙashi ne ya maƙale masa, sai wani ya zura hannu zai ciro. Don Allah kada a yi haka. Mai farfaɗiya yana tashi ya dawo daidai, shi kuwa mai hauka kullum ƙara lalacewa yake, kuma cikin kwana 10 yake mutuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar tana cikin yawu. Tana shiga ta cizo, ko yaƙushi, ko kare ya lashi gyambo ko ido ko baki. Sai ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci wata biyu zuwa uku, har an manta da cizon. In alamu suka bayyana a jikin mutum, kamar tsoron ruwa da firgita, to sai dai addu'a. Amma kafin nan, allura tana tare ta. Tun shekarar 1885 wani masani a Faransa mai suna Louis Pasteur ya fara ceton wani yaro da wannan allura.

Yanzu me za ki yi in abin ya faru a gabanki? Da farko kwashe yara ki shigar da su ɗaki. Kada ki riƙe kwikwiyon, kada ki sa masa cokali ko hannu a baki, ba ya haɗiye harshensa. Kada ki ɗura masa manja ko nono ko ruwa yana cikin jijjiga, zai shaƙe, ke kuma ya cije ki. Ki sa tsintsiya ko sanda ki janye abin da zai ji masa ciwo, in yana kusa da murhu ki tura shi da buhu. Ki duba agogo. In da waya a hannunki, ɗauki bidiyonsa daga nesa, zai taimaki likita ƙwarai. In ya wuce minti 5 bai lafa ba, ko yana yi yana maimaitawa, abin ya zama na gaggawa. In ya lafa, a kife shi da babban kwando ko a rufe shi a wani ɗaki mai inuwa, a ajiye masa ruwa. In ya yi amai, a kwashe da tsumma da leda a hannu a binne, kada a tsaya shaƙa, domin aman wata gubar ɓera yana fitar da iska mai cutarwa. Sannan ki kira maigida ko ki aika babban yaro, a nemi ma'aikacin asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma. In kin ga kwalba ko ledar abin da ya ci, a tafi da ita.

Daga nan ki tara yaran ki tambaye su da lallami, ba da tsawa ba: wa ya cije a kwanakin nan, wa ya yaƙusa, wa ya lasa? Yaro yakan ɓoye cizo don tsoron duka. Ki tuɓe su ki duba da idonki. In kin ga ko ɗan ƙarzane ne, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, kina zubawa kina wankewa har minti 15. Wannan wankin shi ne maganin farko, kuma a hannunki yake. Kada a ƙona gashin kare a shafa, kada a sa toka ko barkono ko man birki, kada a ɗaure wurin tam. A ranar nan a kai yaron asibiti, ko Babban Asibitin Daura ko wanda ya fi kusa, a ce musu kare ne, a kuma gaya musu yadda karen yake yi. Allurar ba ɗaya ba ce, ana yin ta ne a ranaku daban-daban, kuma sai an cika. Ba a jira a ga abin da zai faru da karen kafin a fara. In maigida ba ya gari, ki kira shi a waya ki sanar da shi, a samu kaka ko ƙanin miji ko maƙwabci ya kai yaron. Lalura ce, kada a ce sai ya dawo.

Shi kuma karen, a tsare shi kwana 10 inda ba zai kai ga kowa ba, ma'aikacin dabbobi yana dubawa. In ya mutu ko dole ta sa an kashe shi, kada a fasa kan, kada yara su ja gawar zuwa juji. Ƙwaƙwalwar ake aunawa a tabbatar, kuma akwai Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda ke wannan aiki, tana kuma yin allurar rigakafin karnuka.

Iyayen gida maza da ke saurare tare da mu, ga naku. Duk wanda ya ajiye kare, ya ɗauki amana. A yi masa allurar hauka tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara, a ajiye takardar. Kuɗinta bai kama ƙafar abin da za a kashe in ya ciji mutum ba. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, a riƙa sauraron sanarwa, don wani lokaci akan yi allurar kyauta. A ba shi inuwa da ruwa da abinci. Malamai suna karanta mana hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Mu kuma mata, mu ɗauke fiya-fiya da shinkafar ɓera daga ƙasa, mu sa a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma kada a zuba su a robar lemo ko ta ruwa. Mu hana yara ɗauko kwikwiyon da ba a san uwarsa ba daga titi.

Wadda ta ji, ta gaya wa abokiyar zamanta da maƙwabciyarta ta kan katanga. A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare mu da tsarewarSa. Wassalamu alaikum.