Farin furen da ke fitowa a kangwayen Agege: yadda za ka gane zaƙami

Da zarar damina ta kankama a Legas, filayen da ba a gina ba sai su cika da ciyayi. Idan ka bi gefen layin dogo a Agege, ko bakin juji a wajejen Oko-Oba, za ka iya cin karo da wani tsiro mai farin fure dogo kamar bakin kakaki. Kyansa na jan yara, su tsinka su yi wasa da shi. To, a kula, sau da yawa zaƙami ne, wanda a gida ake kira haukata-yaro ko babba-jibji. Maƙwabtanmu Yarbawa kuma gegemu suke ce masa.

Yaranmu da aka haifa a Kudu da yawansu ba su taɓa ganinsa a Arewa ba, don haka ga alamominsa. Tsayinsa yakan kai mita 1 zuwa 1.5. Furen ɗaya-ɗaya yake fitowa, tsawonsa ya kai tafin hannu ko ya fi, yana buɗewa da yamma yana ƙamshi. Ganyen kuwa faffaɗa ne, idan ka murza shi wari yake yi. Babbar shaida ita ce ɗansa: dunƙulalle kamar lemun tsami, jikinsa duk ƙayoyi, cikinsa fal ƙananan iri.

Kada a rikita shi da tumfafiya. Ita furenta ƙanana ne a cure wuri guda, fari da ɗan shunayya, kuma idan ka karya reshenta farin ruwa kamar nono ke fita. Duma ma farin fure yake yi da yamma, amma shi yaɗo yake yi, ba ya tsayawa da ƙafarsa.

Me ya sa muka damu? Domin zaƙami guba ne tun daga saiwa har fure, irin ya fi ko'ina haɗari. Yana ɗauke da sinadarai irin su atirofin da ke rikita ƙwaƙwalwa da bugun zuciya. Wanda ya ci, bakinsa zai bushe, jiki ya yi zafi ba gumi, baƙin idonsa ya buɗe, ya dinga sambatu yana kama abin da babu. Idan ya yi yawa, ana iya rasa rai.

In ka ga haka, kada a tsaya ana cewa iska ce, kada kuma a ɗura masa manja ko madara. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja, ko a kira 112 ko 767. A tafi da ragowar tsiron don likita ya gani.

Idan akwai shi kusa da gidanka ko makarantar allon unguwa, sa leda a hannu ka tumɓuke shi tun bai yi 'ya'ya ba, sannan ka wanke hannu. Kafin ka jefar, kira yaran ka nuna musu, ka faɗa musu sunansa. Allah ya tsare mana zuri'a.