Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Duk wanda ya kwana biyu a aikin gwamnati ya san fom ɗin APER, wato rahoton kimanta aikin shekara. Malamin firamare a Kiyako ya san shi, ma'aikaciyar jinya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ta san shi, haka akawu a sakatariyar ƙaramar hukumar Gwaram. A ƙa'ida, ma'aikaci ne zai fara cike sashensa ya faɗi abin da ya yi, shugabansa ya ba shi maki a kan ƙwazo da zuwa aiki da riƙon amana da mu'amala da jama'a, a nuna masa ya karanta ya sa hannu, sannan wani na sama ya tabbatar. Abin da aka fi gani a ma'aikatun ƙasar nan daban ne. Ba a tunawa da fom sai an ji ƙishin-ƙishin ƙarin girma. Sai mutum ya kwaso na shekara uku a rana ɗaya, shugaba ya zuba maki masu kyau daga sama har ƙasa, a yi godiya a rabu, ba a yi maganar aiki ta minti biyar ba. Ni a ganina wannan al'ada, da muke ɗauka kara ce, cutarwa ce ga ma'aikacin kansa, kuma maganinta shi ne zama na gaskiya tsakanin mutum biyu, a keɓe, a kai a kai.

Ba don a yi masa wannan riƙon aka kawo fom ɗin ba. Kafin zuwansa, tun zamanin Turawa, abin da ake yi shi ne rahoton sirri: shugaba ya rubuta ra'ayinsa a kanka, a sa a fayil, kai kuwa kana iya yin shekaru ba ka san abin da ya tsayar da kai wuri ɗaya ba. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Jerome Udoji don ya duba aikin gwamnati, ya miƙa rahotonsa a 1974. Dattawa sun fi tuna Udoji da ƙarin albashi da ariyas ɗin da suka cika kasuwa da sababbin kekuna da rediyo, amma cikin shawarwarinsa akwai cewa a daina rahoton ɓoye, ma'aikaci ya san abin da ake nema a wurinsa kuma ya ga abin da aka rubuta a kansa. Nufin shi ne a tilasta wa shugaba da na ƙasa su yi magana. Mu kuma muka karɓi takardar muka bar maganar.

Ba wuya a gane dalili. An ɗaure fom ɗin da ƙarin girma, kuma a tsarin gwamnatin tarayya wanda ke tsakanin mataki na 7 da na 14 sai ya yi shekara uku kafin a duba shi. Wane hedimasta ne zai so a ce shi ya hana mai iyali ƙarin da ya jira shekara uku? Balle a gari irin Kiyako, inda hedimasta da malaminsa sahu ɗaya suke bi a masallaci, su haɗu a wurin suna, su haɗu a jana'iza, wataƙila ma akwai auratayya a tsakani. Wannan nauyi gaskiya ne, kuma wanda ya raina shi bai san zaman ƙauye ba. Sai dai a duba wanda ke biyan kuɗin wannan kara. Malamar da ke zuwa tun ƙarfe bakwai da rabi, ta duba littattafan yara har gida, maki ɗaya take samu da wanda ba ya leƙa aji ranar kasuwa, kuma wata rana za ta tambayi kanta amfanin wahalar. Shi kuma mai rauni, wanda wataƙila matsalarsa ƙarama ce, bai iya tsara darasin lissafi ba ko yana sauri yara ba sa bin sa, an bar shi shekara goma yana maimaita kuskuren da zama ɗaya zai gyara. Yaran da suka fita aji shida ba su iya karanta jimla ba su ne suka fi kowa asara, alhali babu inda suke sa hannu a fom ɗin.

Mai ƙin wannan magana zai ce faɗin laifi yana ɓata zumunci, kuma wani lokaci ma ƙara lalata aiki yake. Yana da hujja. A 1996 wasu masana biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara sakamakon bincike masu yawa a kan abin da ke faruwa idan an gaya wa mutum yadda aikinsa yake, suka tarar a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin baya ya ci. Amma bayanin da suka bayar shi ne abin lura: idan maganar ta karkata kan mutumin, hankalinsa yakan tafi wajen kare mutuncinsa, idan kuwa ta tsaya kan aikin sai ya koma kan gyara. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan, har Ibn Rajab ya keɓe ɗan littafi a kan bambancin nasiha da tozartawa. Shugaban da ya ce wa malami a gaban 'yan'uwansa, “Kai dai malalaci ne,” ya tozarta. Wanda ya kira shi ofis, aka gaisa aka tambayi iyali, sannan ya ce, “Malam, na zauna a ajinka ranar Talata. Yadda ka fara da tambayar darasin jiya ya yi kyau ƙwarai. Amma na lura 'yan matan da ke baya babu wadda ka kira ko sau ɗaya, yaya kake ganin za mu yi?” wannan nasiha ya yi. Ya ambaci rana, ya ambaci abin da idonsa ya gani, ya yaba abin yabo da gaske, ya bar wa ɗaya ƙofar magana. Zumunci ba ya mutuwa a irin wannan zama. A gulmar bayan ido yake mutuwa.

Sannan sau ɗaya a shekara ya yi kaɗan. Babu manomin Gwaram da zai shuka dawa ko riɗi ya ce ba zai leƙa gona ba sai kaka. Yana yin noman farko, ya koma maimai, domin ciyawar da aka cire tana ƙarama ba ta cin amfani. Tela ma ba ya jiran ƙarshen shekara kafin ya gaya wa yaronsa ɗinkin wuya ya karkace. Jigawa ta taɓa ɗanɗana irin wannan a makarantu. Shirin ESSPIN da gwamnatin Birtaniya ta tallafa daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida, har da Jigawa da Kano da Kaduna, ya horar da hedimastoci su riƙa zama a aji suna kallon darasi su tattauna da malami bayan an tashi, ya kuma samar da jami'an tallafa wa makarantu masu zagayawa. Manyan kamfanonin Amurka ma nan suka karkata: Adobe ya soke kimantawar shekara a 2012 ya koma ga gajerun zama a kai a kai. Minti ashirin a wata ba ya buƙatar kasafin kuɗi daga Dutse.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Da wane ido za a auna malamin da aka cika wa aji da yara babu benci babu isassun littattafai, ko ma'aikacin lafiyar da ke karɓar haihuwa da fitilar waya? Amsar ita ce zaman duba aiki bashi ne a kan kowane ɓangare. Ma'aikaci bai kamata ya shiga ya sunkuyar da kai yana “Ranka ya daɗe, duk yadda ka gani” ba. Ya zo da shaidarsa: rajistar aji, jadawalin darasi, adadin yaran da suka iya karatu a farkon zango da na yanzu, ko na matan da suka zo awo da yaran da aka yi wa rigakafi. Ya faɗi abin da ya tare masa hanya. A rubuta abu biyu ko uku da zai gyara, a rubuta abin da shugaba zai nemo masa ko ya kai gaban sakataren ilimi, kuma a zama na gaba a fara da tambayar ko shugaban ya cika nasa. Shugaban da ba ya son a tambaye shi haka ba shi da bakin tambayar wani. Ta wannan hanya ma ƙarancin kayan aiki ke samun shiga rubuce, maimakon ya ƙare a hirar gindin bishiya.

Akwai kuma tsoron kada abin ya zama makami a hannun mai jin haushinka ko mai siyasa. Wannan tsoro bai taso a banza ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. Ko me mutum yake gani game da matakin, tambayar da ya kamata ta dame mu ita ce: shekarun da waɗannan malamai suka yi suna aiki, me aka riƙa rubutawa a fom ɗinsu? In da ana zama da su ana faɗa musu gaskiya ana ba su horo, da masu gyaruwa sun gyaru tun kafin gatari ya sauko. Rubutaccen bayani mai rana da shaida, wanda ma'aikaci ya karanta kuma yake da damar rubuta cewa bai yarda ba kafin a kai wa na sama, shi ne garkuwarsa ranar da wani zai tashi yi masa sharri. Maki ɗari bisa ɗari da kowa ya san na alfarma ne ba ya kare kowa.

A zamanin da Folasade Yemi-Esan ke shugabantar ma'aikatan tarayya, daga 2020 zuwa 2024, gwamnatin tarayya ta shiga maye gurbin APER da sabon tsari mai suna PMS, inda ma'aikaci da shugabansa za su ƙulla yarjejeniyar abin da za a cim ma tun farkon shekara, a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Tsarin ya yi ma'ana, kuma irin wannan sauyi yakan gangaro jihohi da ƙananan hukumomi. Abin da nake fargaba shi ne ya same mu da halin da na Udoji ya same mu, a cike shi a kwamfuta cikin dare ɗaya kamar yadda ake cike na takarda. Hedimasta a Kiyako ba ya buƙatar jiran sanarwa kafin ya ja kujera zuwa bayan aji huɗu ranar Litinin, ya saurari darasi ɗaya har ƙarshe, in an tashi tara ya ce, “Malam, in ka sami sarari ka leƙo ofis mu ɗan tattauna.”