Matan Zumunta da Dogara ga Allah

 Uwargida, in kina da maƙwabciya Kirista, wataƙila kin sha jin ta ce za ta tafi zumunta, ta ɗaura zanen anko ta fita. To, yau za mu duba mece ce wannan zumunta, da yadda matanta suka fahimci dogara ga Allah.

Zumuntar Mata ƙungiya ce ta matan coci. Akwai ta a ECWA, wadda aka kafa a 1954, da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro daga Garkida a 1923, da sauransu. Da yawansu da Hausa suke addu'a da waƙa, domin tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. A cikinsa, almajirai ake kiran mabiyan Yesu Almasihu, wato Annabi Isa a bakin Musulmi. Shi ya sa suke cewa zamansu na duniya almajiranci ne, mutum ya koyi halin malaminsa ya bi. Ga mace kuwa, a madafa ake gwada wannan karatu, ranar da kuɗin cefane bai kai ba, ko yaro ya kwana da zazzaɓi.

Akwai labarin da suke yawan komawa gare shi, na Hannatu matar Elkana. Ba ta haihuwa, kishiyarta Feninna kuwa tana da 'ya'ya. Kowace shekara in sun je sujada a Shilo, sai Feninna ta yi ta yi mata gori har ta kasa cin abinci. Hannatu ba ta rama ba. Ta kai kukanta ga Allah, leɓunanta na motsi ba a jin murya, har Eli, malamin wurin, ya zaci ta bugu. Ta yi alkawari in ta sami ɗa za ta ba da shi ga hidimar Allah. Ki lura da nan, 'yar uwa: tana gama addu'a ta tafi ta ci abinci, fuskarta ta saki, alhali ba ta ga komai ba tukuna. Wannan suke kira bangaskiya. Daga baya ta haifi Sama'ila, da ta yaye shi ta cika alkawari.

Sai dai dogara a wurinsu ba naɗe hannu ba ne. Suna haɗa gudummawa, su kai wa mai jego sabulu da hatsi, su duba marar lafiya, su zauna da wadda aka yi wa rasuwa. A ganinsu, sau da yawa ta hannun 'yar uwa Allah yake amsa addu'ar mace. Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aƙida ta bambanta, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma gorin haihuwa da tsadar abinci ba sa tambayar addinin mace kafin su shigo gida. In kin san abin da maƙwabciyarki take riƙe da shi ranar wuya, kin san yadda za ki yi mata sannu.