Tsargiya: Tsarabar da Ɗalibai Ke Kwasowa a Yawon Kaka

Tun da ruwan sama ya ɗauke, gardama ɗaya ake yi a gidajen Mokolo ta Kamaru masu 'ya'ya a jami'a: a bar yaro ya tafi yawon dutse da abokansa, ko a hana shi? Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne wani saƙon murya da ke zagaye a WhatsApp, inda wani bawan Allah yake rantsuwa cewa samarin da suka yi wanka bara a kududdufan gindin duwatsu, aljanar ruwa ta shafe su, ga su nan suna fitsarin jini. Masu ganin sun waye suka yi dariya, suka ce wace aljana, ai zafin rana ne kawai ya dafa musu ciki. Jinin dai gaskiya ne. Na san gidan da aka gan shi, domin gidan yayata ne.

Ɗanta yana karatu a Jami'ar Marwa. Bara, dab da komawa makaranta a watan Oktoba, ya zo gida da abokansa uku, ɗaya ɗan Garwa da bai taɓa ganin gona a bisa dutse ba. Suka kwashi ƙannensa biyu suka hau Ziver, dutsen da ya haura mita 1,400, suna ratsa gonakin mutanen Mafa hawa-hawa waɗanda aka tokare da duwatsu, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Kashegari suka hau babura zuwa Rumsiki, tafiyar wajen kilomita 50, suka ga dogayen duwatsun nan masu tsaye kamar taɓare, suka leƙa wurin mai duba da ƙaguwa don nishaɗi, suka gasa sabuwar masara. Ni ban ga laifin wannan yawo ba. Tun 2013, shekarar da aka sace wani iyali na Faransawa a kusa da Dabanga, aka kuma ɗauke wani fadan coci a Nguetchewe, Turawa masu yawon buɗe ido suka janye ƙafa, masu yi musu jagora suka koma zaman jira. In yaranmu ba su taka waɗannan hanyoyi ba, ciyawa za ta cinye su.

Kafin su fita kowa ya yi nasa gargaɗin. Uban ya ce kada su kusanci iyaka, kuma la'asar ta same su a gida. Kakarsu ta ce kada wanda ya kuskura ya shiga ruwa da almuru, lokacin masu wurin ne. Yaran kirki, suka bi umarni sau da ƙafa. Da tsakar rana suka shiga, zufa na zuba, a wani kwantaccen ruwa garai-garai da ya rage a cikin ƙorama. Da a ce sun nemi sa'ar da ta fi kowace muni da gangan, da ba su wuce wannan ba.

Cutar da muke kira tsargiya, Fulanin nan yankin suna ce mata cille naange, wato fitsarin rana, kuma wannan suna shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin har malaman makaranta na ji suna kafa hujja da shi. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da ke kawo ta a Alƙahira. Tsutsa ce mai tsawon santimita ɗaya zuwa biyu, namiji da mace manne da juna, suna zaune a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara. Macen tana zuba ɗaruruwan ƙwai kullum, kowane ƙwai da ɗan tsini kamar ƙaya. Ƙwan nan shi ke huda bangon mafitsara don ya fita tare da fitsari, shi ya sa jinin yake zuwa a ɗigon ƙarshe.

To yaya ta shiga? Nan ne mutane ke ɓata. Ƙwan da mai cutar ya fitsarar a ruwa ba ya iya kama wani mutum kai tsaye, ko da an shanye shi. Sai ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi wani ɗan ƙaramin dodon-koɗi na ruwa, wanda bai kai ƙwayar wake ba, ya shige cikinsa. In bai same shi cikin 'yan sa'o'i ba, ya mutu. Dodon-koɗin nan zango ne, kamar yadda fatake ba sa isa Kano sai sun yada zango a hanya. Ko kuwa a ce gona ce: ƙwayar gero ɗaya ka jefa a rami, zangarniya ta fito. Haka ɗan halitta guda yake shiga, bayan wata ɗaya ko ɗaya da rabi dubbai su riƙa fitowa, masu wutsiya, ido da ƙyar yake ganinsu. Kuma ba kowane lokaci suke fitowa ba. Haske ke tashinsu, sun fi yawa daga hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da zafi ke kora yaro cikin ruwa. Ba sai an sha ba, ba sai akwai rauni a jiki ba. Fata lafiyayya suke hudawa cikin 'yan mintoci, abin da mutum zai ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi ba, ya ce ciyawa ce.

Daga nan sai shiru. Ɗan yayata ya koma Marwa lafiya lau, ya yi karatu, ya yi ƙwallo. Tsutsar tana buƙatar wajen wata uku kafin ta girma ta fara ƙwai. Lissafa da yatsu: wankan Oktoba, jini a Janairu ko Fabrairu, a bakin shigowar bazara. Wa zai tuna da kududdufin kaka? Kamar bashi ne da ka ci lokacin girbi, mai shi bai zo karɓa ba sai da rumbu ya yi ƙasa, kai kuma ka ɗora wa ranar da ya zo laifi. Kamar gara ce a azara, ranar da ka ga gari na zuba ba ranar ta shiga ba ke nan. Ga wani abin da ya ƙara wa rana baƙin jini: ƙwan sun fi fita a fitsarin da aka yi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, balle in an sha tafiya. Kakanninmu sun lura da kyau cewa jinin yana tafiya da tsakar rana. Abin da ba su da shi madubin likita ne.

Wani zai ce, ai kududdufin nan bushewa yake yi ƙarƙaf da rani, ina dodon-koɗi zai zauna? Wanda ya taɓa haƙo gaiwa a busasshen laka ba zai yi wannan tambaya ba. Irin dodon-koɗin da ke cikin tafkunan damina na yankinmu na Arewa Mai Nisa yana nutsewa cikin taɓo, ya yi lamo wata da watanni, ruwan fari na sauka ya farka. Inda kuma aka tare ruwa shekara cur, abin ya fi haka. Madatsar Maga ta 1979 da ta Lagdo ta 1982 sun kawo shinkafa da kifi da lantarki, sun kuma ba dodon-koɗi gida na dindindin. A Senegal, bayan an gama madatsar Diama a 1986, garin Richard Toll ya ga annobar tsargiyar hanji irin wadda bai taɓa sani ba.

Akwai kuma dattawan da za su ce maka, bar shi, alamar balaga ce, mu ma mun yi ya wuce. Jinin kan ragu da shekaru, wannan haka ne. Amma ba duk ƙwai ne ke samun hanyar fita ba. Da yawa suna maƙalewa a nama, jiki ya kewaye su da tabo, tabo kan tabo, har bangon mafitsara ya yi tauri, bututun da ke saukar da fitsari daga ƙoda ya ƙuntace. Masana sun daɗe da sanya wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara. Ɗaya nau'in, na hanji, wanda shi ma yana nan a duwatsun Mandara, hanta da saifa yake kumburawa, ba ya kuma nuna jini a fitsari balle a farga. 'Yan mata sun fi shan wuya a ɓoye: ƙwan tsargiyar mafitsara kan zauna a al'aura da bakin mahaifa, a ga ƙaiƙayi da zubar jini, a ce ciwon sanyi ne, wani lokaci har zargi ya shiga tsakanin miji da mata a kan wankin da ta yi a rafi tana yarinya.

Magani yana nan, sunansa praziquantel, ɗaci gare shi, kuma sai an ci abinci ake shan sa, in ba haka ba jiri da murɗar ciki su sa a ce an ba yara guba. Kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da har ƙwaya miliyan 250 kyauta duk shekara ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamaru ta kafa shirinta na yaƙi da cutar a 2003, ana bin makarantu ana auna yara da sanda, tsawonka adadin ƙwayoyinka. An yi aiki, ban musa ba. Sai dai sandar tana tsayawa ne a kan 'yan makaranta ƙanana. Saurayi ɗan shekara 21 da ya zo hutu ya yi iyo ba ya cikin lissafin kowa, haka uwarsa mai wanki, haka manomin lambu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba kowa daga ɗan shekara 2 zuwa sama a inda cutar ta kama kashi 10 cikin ɗari ko fiye. Muna nan muna sauraro. Ni dai a duk yawona ban taɓa cin karo da allo ko na kwali a bakin wani kududdufi da ke cewa a yi hattara ba, alhali allunan masu neman ƙuri'a har kan duwatsu suke hawa. Mu ma ba a wanke muke ba. Duk tsutsar da ta shiga jikin yaro, wani ne ya tsuguna a bakin ruwan kafin ya zo.

Wani kuskure sabo ya shigo tare da wayewa: a yi iyo yau, gobe a sayi ƙwaya a kasuwa a haɗiye wai rigakafi. Asarar kuɗi ce. Maganin ba ya kashe tsutsa tana ƙarama, sai ta girma, don haka ake jira mako shida zuwa takwas. Ba ya kuma hana sake kamuwa. Goge jiki da tawul bayan an fito ba abin dogaro ba ne. Abin da ke aiki shi ne, 'yan halittun nan ba sa daɗewa in ba su sami fata ba, ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu zuwa uku, ko aka tafasa ya huce, ana iya wanka da shi.

Ɗan yayata ya ɓoye abin har mako uku don kunya kafin ya faɗa mini. Aka kai fitsarin tsakar rana asibiti, aka ga ƙwan, ya sha magani, ƙannensa biyu ma aka same su da shi. Bana ya sake zuwa da shirin hawa dutse.

"Kawu, to in zufa ta jiƙa mu a can sama fa?"

Na ce ya ɗaura jarkar ruwan famfo a bayan babur. Kakarsa tana gefe tana jan carbi, ta ce ita dai ta faɗa tun farko akwai masu wurin a cikin ruwan nan, ba a ji ba. Ban yi mata musu ba. Na tambaye shi labarin abokinsa ɗan Garwa, ko ya je an duba shi. Ya ce bai je ba, wai nasa ya ragu tun da damina ta faɗi, ya tabbata rana ce.