Zagayen Tashoshin Reluwe: Daga Ina Mutumin Gabukka Zai Fara?

A shekarar 2017 waɗansu Turawan Ingila su biyu, Geoff Marshall da Vicki Pipe, suka ɗora wa kansu wani aiki wanda ba wanda ya sa su, watau ziyartar kowace tashar jirgin ƙasa da ke Birtaniya. Tashoshin nan kuwa a lokacin 2,563 ne. Sun tashi daga Penzance, can ƙarshen ƙasar ta kudu maso yamma, cikin watan Mayu, ba su yada zango ba sai cikin watan Agusta a garin Wick, a arewacin Sikotlan. Sharaɗin da suka kafa wa kansu shi ne, ba a lissafa tasha sai jirgin da suke ciki mai tsayawa ne a cikinta. Wadda aka wuce a guje ba ta cikin ƙidaya.

To, a ce wani mutumin unguwar Gabukka da ke cikin birnin Gombe ya ji wannan labari, ya ce shi ma sai ya yi irinsa a Nijeriya. A ido, aikinsa ya fi na Turawan nan sauƙi, domin tsohon layin dogo na ƙasar nan gaba ɗaya kilomita 3,505 ne, ga kuma tasha a garinsu, ɗan acaba ma ya kai shi. Amma kafin ya ɗaure kaya, ya kamata ya san tarihin hanyar da zai bi da halin da ta shiga.

YADDA DOGO YA ISO GOMBE

Gombe tana cikin garuruwan da suka daɗe suna jiran jirgi. Dogo ya isa Kano tun 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, amma ƙasashen Bauci da Gombe da Barno suka zauna sai jakuna da raƙuma, daga baya kuma manyan motoci. Sai a 1958, lokacin da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa yake Firayim Minista, aka sami rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, wanda shi ne rance na farko da bankin ya ba Nijeriya, aka soma shimfiɗa layi daga Kuru, kusa da Jos. Dogon ya isa Bauci a 1961, ya shigo Gombe a 1963 zamanin Sarki Abubakar Umar, ya dire a Maiduguri a 1964. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 640.

Ba don yawon buɗe ido aka kashe wannan kuɗi ba. Ƙasar Gombe ƙasar auduga ce da gyaɗa da shanu, jirgi kuwa shi ne ke kwasar su zuwa bakin teku, ya komo da goro da gishiri da kananzir da kayan kanti. Da kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki a 1979, shi ma a gefen layin nan ya zauna. Kewayen tasha ya zama kasuwa, 'yan dako da masu abinci da dillalai duk suna samun na sawa a baka, baƙi daga kudu da arewa suka yi ta zuwa suna kafa gidaje.

DA A ZAMANIN DA NE

Da mutumin Gabukka ya ɗaura wannan niyya a wajajen 1975, da abin da zai nema kawai kuɗin tikiti ne da haƙuri. Sai ya fara da gabas, ya tsaya Bajoga, ya ƙetare kogin Gongola, ya bi ta Buni Yadi ya sauka Maiduguri, inda dogo ya ƙare. Sa'an nan ya juyo yamma ta Bauci zuwa Kuru, ya ratse ya leƙa Bukuru da Jos, ya gangara Kafancan.

Kafancan ita ce mahaɗa, nan hanya ta rabu biyu. In ya yi kudu, ga Lafiya, ga Makurɗi da gadarta ta kogin Binuwai wadda aka buɗe a 1932, ga Inugu garin kwal, ga Umuahia da Aba har Fatakwal. In ya yi arewa, sai Zonkwa da Kaduna da Zariya, inda wani reshe ya nufi Funtuwa da Gusau da Ƙaura Namoda, wani kuma ya miƙe Kano har Nguru. Abin da ya rage masa sai hanyar Ikko, ta Minna da Zungeru da gadar Jebba da Ilori da Badun. Jirgin zai yi latti, wani lokaci a kwana a tasha ana jiran a ba shi hanya, amma zai zo. Mutum ya fita daga Gabukka da jaka ɗaya ya ga rabin ƙasarsa a kan kuɗi kaɗan, ya tabbatar da cewa tafiya mabuɗin ilmi ce.

INDA GIZO KE SAƘA

Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta soma rauni ne tun da kuɗin man fetur ya karkatar da hankalin gwamnati ga titunan mota, fatake kuma suka koma ga tireloli. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, bayan tafiyarsu aka koma gidan jiya. Kawunan jirage suka tsufa, taragai suka lalace, ruwa ya yi ta cin gindin dogo, ɓarayi kuma suna kwance ƙarafa suna sayarwa. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya zo ya rufe hanyar Maiduguri. A 2015, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, an yi gyara har jirgin fasinja ya sake tashi daga Gombe ya nufi Kafancan, amma abin bai ɗore ba.

Gaskiya ne an gina sababbin layuka. Na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, na Itakpe zuwa Warri a 2020, na Ikko zuwa Badun a 2021. Sai dai faɗinsu milimita 1,435 ne, na tsohon layi kuwa 1,067, saboda haka jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ya doso arewa maso gabas. Mutumin Gabukka da ke son tsayawa a Rigasa da Rijana da Jere da Kubwa da Idu, dole ya wuni a mota kafin ya ga jirgin da zai hau. Ashe ke nan tasha ta farko a lissafinsa, watau ta garinsu, ita ce za ta fi ba shi wuya.

A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin sabunta layin Fatakwal zuwa Maiduguri, mai tsawon kilomita 1,443. A 2024 aka buɗe yankin Fatakwal zuwa Aba, wanda bai wuce kilomita sittin da 'yan kai ba. Daga Aba zuwa Gombe kuwa akwai sauran tafiya mai nisa.

Asarar ba ta mai yawon ganin tashoshi ce kaɗai ba. Siminti da hatsi da shanun da tarago zai ɗauka, in suka hau tirela, kuɗin dako ya ƙaru, titi ya farfashe, mai saye a kasuwa kuma shi ke biya. Akwai samari a Gombe waɗanda suka girma suna tsallake dogo a hanyar makaranta, ba su taɓa zama cikin tarago ba, alhali kakanninsu sun je Kaduna da Fatakwal a cikinsa.

Turawan nan biyu sun gama nasu zagaye cikin wajen mako goma sha biyar domin a kowace tasha akwai jirgin da ke tsayawa. Mutumin Gabukka yana da niyya, yana da jerin sunayen tashoshi a takarda. Abin da yake jira shi ne ranar da zai ji usur daga tashar Gombe, ya je ya yanki tikitin Bajoga.